Daminar da Kibiyar Kwamfuta Ta Daina Bin Hannuna

Shekarun baya, a wata damina da kogi ya cika har ya fara leƙen gari, na yi makonni ina yawo a cikin Haɗejiya, ina gaisawa da mutane ina washe baki, alhali a zuciyata na gama yanke hukunci cewa hannuna na dama ya fara mutuwa. Ban faɗa wa kowa ba. Yanzu idan na ba da labarin, abokaina har riƙe ciki suke yi, ni ma ina taya su. Amma wallahi a lokacin tsoro ne ya cika ni, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ga wanda bai san ni ba, ina da ɗan shago a bakin kasuwa inda nake zane da kwamfuta. Katin biki, katin suna, allon shago, tambarin da ake bugawa a buhun shinkafa, duk ina yi. Kwamfutar tawa irin ta kan tebur ce, mai allo daban da uwar injin daban. Maus ɗina kuwa marar waya ne, irin mai 'yar risiba kamar farcen yatsa da ake sokawa a bayan injin. Da hannun nan na dama da maus ɗin nan nake ci da iyalina, ba ni da gona, ba ni da wata sana'a.

Sai na koma baya kaɗan, don ku gane dalilin da ya sa na ruɗe.

Mahaifina mai ɗinkin hannu ne. Wuyan riga da hula yake yi, kuma har daga Kafin Hausa ake kawo masa aiki saboda kyan allurarsa. Wata rana ina zaune kusa da shi a zaure, sai na ga ya kai allura ya soka gefen inda ya nufa. Ya zare, ya sake, ya kuma kuskurewa. Ya ɗago hannun yana kallonsa kamar na wani, ya yi 'yar dariya ya ce, “Ikon Allah. Ina aiken hannun nan, sai ya tsaya hira a hanya.” Muka yi dariya tare. Bayan 'yan watanni, da safe, aka same shi a ƙasa kusa da buta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya yi shekaru a kwance. Ni nake juya shi, ni nake yi masa wanka, ni nake kai shi bayi. Da Allah ya karɓi abinsa, likitan da ke duba shi ya ja ni gefe ya ce irin wannan ciwo yakan bi gida, in riƙa kula da jinina. Maganar ta shige ni ta samu wuri ta zauna.

Mahaifiyata kuma, Inna, ni ne ɗanta na fari, kuma ita 'yar da ce, ba ta wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. A hannun kakata na tashi. Ko na je gaishe ta, kanta a sunkuye take amsawa, idan kuma za a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, “A miƙa wa wancan.” Ban taɓa jin haushi ba, haka na buɗe ido na gani. Na dai ɗauka a raina cewa ko da wace fuska na shigo gidan, Inna ba za ta lura ba, tunda ba kallona take yi ba.

To, a waccan daminar, ruwa ya zo da ƙarfi. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya rasa inda zai bi, labari sai zuwa yake daga wajen Guri cewa gonaki sun nutse. Duk ɗan Haɗejiya ya san abin da ake yi idan aka kai nan: komai na ƙasa sai ya hau sama. Masu hatsi suna ɗora buhuna a kan benci, mata suna ɗaure katifu a rataye, masu shago suna jera bulo suna ɗaga kaya. Ni abin da na fi ji shi ne injin kwamfutata da ke ƙarƙashin tebur. Ga shi kuma rufin shagon yana ɗiga, wato ruwa ta ƙasa, ruwa ta sama.

Sai dabara ta zo min, kuma a ranar har yabon kaina na yi. Ina da tsohon akwatin ƙarfe tun na makarantar kwana. Na kai wa mai walda ya huda masa ramuka a baya don wayoyi da shan iska. Na saka injin a ciki, na ɗora akwatin can saman kanta a bayan kujerata, dab da rufi, na juya bayansa ga bango. Na sayo dogayen wayoyi na jawo wa allo da kibod. Maus kuwa ai ba ruwansa da waya, ban ma tuna da shi ba. Na kunna na ga allo ya kawo, na kashe, na rufe shago na tafi jinga.

Jinga ita ce tudun ƙasar da ke tsakaninmu da kogi, kuma idan ruwa ya matso, babu babba babu yaro, kowa can yake. Na yi kwanaki ina ɗaukar buhunan ƙasa a kafaɗa, ni da ban saba ɗaukar abin da ya wuce kofin shayi ba. Kafin ruwan ya ɗan lafa, kafaɗata ta dama ta riƙe, yatsuna suna yi min wani zir-zir kamar tururuwa na bi. Ban damu ba, na ce gajiya ce. Zancen akwati kuwa tuni ya fita daga kaina.

Ranar da na koma shago, aikin farko na wani mai busasshen kifi ne da ke son a zana masa tarwaɗa a jikin kwalinsa. Na zauna, na sunkuya, na kama maus zan ja lanƙwasar gashin bakin kifin. Na ja hannu. Kibiyar da ke kan allo ta tsaya cak. Sai da na tsayar da hannun sannan ta yi tsalle ta wuce inda nake so. Na dawo da ita, ta biyo ni a makare, tana tafe tana tsayawa. Na ce, kai, batir ne. Na fita na sayo sabo na saka. Ta yi kamar ta gyaru, ina sunkuyawa kan aikin ta koma gidan jiya.

Ranar duk abin da na sani sai da na yi. Na juya maus na goge idon da ke ƙarƙashinsa da auduga, na hure shi. Na cire shimfiɗarsa na sa farar takarda, na cire takarda na sa bangon littafi. Na kashe kwamfuta na kunna. Na rufe duk wasu manhajoji, na sa ta nemi ƙwayar cuta har la'asar, ba ta samu komai ba. Washegari na ce maus ɗin ne ya tsufa, na shiga kasuwa na sayo sabo fil a kwalinsa. Na taka kujera, na zura hannu bayan akwatin ina lalube, na zare tsohuwar risiba na soka sabuwa a gurbinta. Ku lura fa, hannuna har cikin akwatin ya shiga, amma kaina bai kawo komai ba. Na sauko na zauna, na yi bismilla, na ja.

Kibiya ta tsaya. Ta yi tsalle. Ta biyo ni a makare.

Sabon maus, sabon batir, kwamfuta lafiya lau. Ina zaune ina kallon allon, yatsuna na zir-zir, sai kawai na ji muryar mahaifina a kunnena, tar, kamar yana gefena: ina aiken hannun nan, sai ya tsaya hira a hanya. Na ɗaga hannun daga kan maus ina kallonsa, sai na tuna haka shi ma ya kalli nasa. Zufa ta karyo min, ga fanka tana juyawa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ashe abin ba daga maus ba ne.

Daga ranar na zama likitan kaina, kuma mugun likita. Na gwada jan maus da hagu, kibiya ta yi ta tangaɗi. Mai hankali zai ce, to ai ga amsa nan, ba hannun ba ne. Ni kuwa sai na ce shi ke nan, abin ya kama duka biyun. Na lura idan na miƙe na koma gefen tebur ina nuna wa mai aiki wani abu, kibiyar takan tafi sumul, amma da na zauna na sunkuya kan aiki mai laushi sai ta fara. Wannan ma na samo masa fassara, na ce ai Baba ma yana iya ɗaukar buta, allura ce ta fara gagararsa. Na shiga waya na tambayi intanet alamomin shanyewar jiki. Don Allah kada ku yi wannan idan kuna cikin tsoro. Duk abin da suka lissafa sai na ji ina da shi, har da waɗanda ban da su kafin in karanta.

Kullum da safe sai na tsaya gaban madubi na yi murmushi, in ga ko gefen bakina ya sauka. In dunƙule hannu in buɗe. In taɓa babban yatsa da sauran ɗaya bayan ɗaya. Ko a sahun salla, Allah ya yafe min, hankalina na kan yatsan da nake ɗagawa a tahiya, ina auna ko ya tashi a kan lokaci. Matata ta tambaye ni me ya sa nake yi wa madubi dariya, na ce haƙori nake dubawa. Ta ce, “Haƙorin ne kullum?” Na hau ta da faɗa ba gaira ba dalili, ta ƙyale ni.

Na je wani kemis can nesa da unguwarmu, inda ba a san ni ba, na ce a auna min jini. Tun kafin ya ɗaura abin a dantsena zuciyata ke dukan uku-uku. Ya duba ya ce, “Malam, jininka ya hau fa, ka je asibiti.” Na ce to. Na hau babur har ƙofar asibiti, na ga ana shiga da wani dattijo a keken marasa lafiya, hannunsa ɗaya na lilo. Ban ko kashe babur ba, na juya. Tsoro nake ji a faɗa min da baki. Muddin ba a faɗa ba, ina ganin kamar da sauran dama.

A shago kuma na kafa doka, babu mai taɓa min kwamfuta. Dalilina shi ne, idan wani ya ja maus ɗin ya tafi masa daidai a gabana, to magana ta ƙare. Na fara mayar da aikin da ke buƙatar zane, ina cewa layi ya yi yawa, ina karɓar na rubutu kawai. Mai kifi ya gaji da zarya ya kai aikinsa wani wuri. Kofi ma na daina yarda da hannuna na dama a kansa. Idan aka miƙo min abu mai zafi, sai in tara hannu biyu, hagu ta ɗauki nauyin, dama tana sama don kada a gane. Haka na yi ranar Juma'a a gidan Inna da ƙanwata ta miƙo min kunu. Inna na can gefe tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

Ranar da ta fi kowace muni, da rana tsaka ne, hadari ya haɗo gari ya yi duhu. Sai ga masu babur suna wucewa a guje suna cewa jinga ta fara tsatsa ta wani gefe, a fito. Kasuwa ta hargitse, kowa na jan ƙofa. Ni kuwa na kasa tashi daga kujera. Abin da ya faɗo min shi ne wata ambaliya da aka yi lokacin Baba na kwance, yadda na goya shi a baya na ratsa ruwa har gwiwa zuwa makarantar da aka tara mutane. Ina jin numfashinsa a wuyana, hannunsa na dama yana reto yana bugun ƙirjina, yana ta ba ni haƙuri da karkataccen bakinsa. To ni wa zai goya ni? Babban ɗana ko jakar makarantarsa sai an taya shi ɗauka. Na hango matata tsaye cikin ruwa da goyo, tana roƙon maƙwabta su zo su ɗauki mijinta. Jama'a, na kifa kai a kan tebur na yi kuka, ƙato da ni, ruwa na dukan kwano babu mai jina. Allah ya taimaka aka toshe wurin kafin magariba, amma ni ban je ba.

Bayan kwana kaɗan sai ga wani abokina. Malamin makaranta ne a Malam Madori, tare muka yi makarantar kwana, kuma mutum ne da bai san wata doka ba idan ya shigo wurina. An yi masa haihuwa, yana son katin suna. Na ce ya bar min bayanin zan yi masa daga baya.

“Daga baya yaushe? Sai yaron ya yi gemu?” in ji shi. “Kai wai lafiyarka kuwa? Ka rame kamar kazar da ta sha ruwan sama.”

Na ce azumin nafila nake yi. Ya ce, “Da kofin shayi a gabanka?”

Na tashi na fita wai zan yi alwala. Ina tsugune a bakin kwata sai na jiyo muryarsa daga ciki.

“Kai! Wane irin mataccen maus ne wannan? Ina ja yana ja!”

Butar ta suɓuce daga hannuna. Na shigo da ƙafa ɗaya a jiƙe. Ga shi zaune daram a kujerata, ya sunkuya, yana buga maus ɗin a tebur.

Na ce, “Me ka ce?”

“Na ce abin nan naka ya lalace. Dubi, ina nan, kibiya tana can tana tunani.”

“Sake ja.”

Ya ja. Ta tsaya, ta yi tsalle.

“Don girman Allah sake ja.”

Ya juyo ya dube ni. “Wai kai me ke damunka ne?”

Na zauna a ƙasa, a kan simintin shago. Abokin nan nawa hannunsa lafiya lau, mutumin da ke buga ƙwallo da ɗalibansa, ga shi kibiya ta tsaya masa hira a hanya. Ban san lokacin da na fara ba shi labari ba, tun daga tarwaɗa har ƙofar asibiti. Da farko ya buɗe baki zai yi dariya, da ya ga idona sai ya haɗiye ta. Shi ma ya san Baba, ya sha taya ni juya shi.

Da na gama, ya leƙa ƙarƙashin tebur. “To ina injin yake?”

Na nuna masa sama.

Ya ɗaga kai ya ga akwatin. Ya gane shi, don har da sauran lambar ɗakin kwananmu a jiki. “A cikin wannan? Ka kulle shi a akwatin ƙarfe, ka kai shi rufi, ka juya shi bango, sannan ka zauna da wannan faffaɗan bayan naka a tsakani?”

A nan ne kaina ya buɗe. Abin da na sani ne sarai, na sha faɗa wa masu saye: maus marar waya da risibarsa magana suke yi ta iska, ba sa son nisa, ba sa son ƙarfe a tsakaninsu. Ni da hannuna na raba su. Ɗan saƙon da ke samun fita ta ramukan mai walda, idan na sunkuya sai jikina ya tare shi, idan na koma gefe ya samu hanya. Sabon maus ɗin ma a rami ɗaya na soka risibarsa. Na tashi na ciro wata doguwar waya a durowa, irin wadda ake ƙara wa ramin filashi tsawo. Na taka kujera na soka ta a injin, na sauko da bakinta kan tebur, na maƙala risiba dab da maus.

Na kama. Na ja. Kibiya ta bi ni kamar inuwa. Na yi da'ira, ta yi. Na rubuta bismilla da ita, ta fito tsaf. Na buɗo tarwaɗar nan da aka fasa, na ja gashin bakinta a tashi ɗaya. Sai a lokacin abokina ya saki dariyar da ya riƙe, har da faɗowa daga benci, ni kuma ina dariya ina share hawaye.

“Amma fa gobe da ni za ka asibiti,” in ji shi da ya nutsu. “Maus ya warke, saura mai maus.”

Muka je. Likita ta sa na matse mata yatsu, ta sa na ɗaga hannaye, ta ƙwanƙwasa nan da can. Ta ce zir-zir ɗin daga kafaɗa ne, buhunan jinga ne suka danne jijiya, zai wuce. Jini kuwa ta ce ya ɗan hau da gaske, ba na tashin hankali ba, amma da tarihin gidanmu gara da na zo yanzu. Ta ɗora ni a kan magani, ta raba ni da gishiri. Matata da ta ji komai ta yi kwana biyu ba ta yi min magana mai daɗi ba, kuma ta fi ni gaskiya.

Juma'ar da ta biyo na je gidan Inna da labarina a baki, na shirya shi tsaf don a yi dariya. Kamar yadda muka saba, ƙanwata nake ba labarin, Inna na gefe tana jinmu. Ƙanwata ta yi ta ƙyaƙyatawa, tana cewa, “Kai Yaya! Akwati?” Inna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye faifai, ta shiga ɗaki. Na ɗauka na ɓata mata rai da na ambaci Baba.

Sai ga ta ta fito da wani ɗan gwangwani da na sani, na allurorinsa. Tun rasuwarsa ban sake ganinsa ba. Ta zaro allura, mafi ƙanƙanta, da zare, ta ajiye a kan tabarma a gabana. Ba ta ba ƙanwata ta miƙo ba, ita da kanta ta ajiye.

“Zura,” ta ce.

Na ɗauka, na lashi bakin zaren, na ɗaga allurar wajen haske. Wallahi sai da tsoron ya dawo min, duk da likita, duk da komai. Na kai zaren. Ya shige.

Inna ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba. Sai ta miƙo hannu ta kama hannuna na dama, ta riƙe shi cikin nata biyu. Ban san taushin tafin mahaifiyata ba sai ranar. Tana juya shi tana matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kanta a ƙasa.

“Ranar da ka karɓi kunu, hagu ce ta ɗauka,” ta ce. “Na gani. Shi ma haka ya riƙa yi, yana tsammani ban lura ba. Na yi shiru don kada in kunyata shi, har aka ɗauke shi a ƙasa.” Sannan ta ce, “Tun da aka binne shi, ba ka taɓa cin abinci a gidan nan ban kalli hannunka ba.”

Ƙanwata ta tashi ta shige ɗaki.

“Tun ranar kunun nan ban yi barcin kirki ba,” in ji Inna. “In ka ƙara jin wani abu, ko ƙaiƙayi ne, ka zo ka faɗa min. Ni. Ba wata ba.”

Na ce, “To, Inna.”

Ta saki hannun, ta ɗauki faifanta ta koma inda take, kamar ba a yi komai ba.

Yau shekaru sun ja. Hannuna lafiya lau, da shi nake rubuta muku wannan. Ina shan maganina, ina zuwa awo, kuma duk wanda ya kawo min kukan maus yana sanɗa, kafin batir, kafin komai, tambayar farko da nake yi masa ita ce ina ya soka risiba. Idan abu ya tsorata ni yanzu, nakan samu wani in ce zo ka ja ka gani, don na san irin ɓarnar da tsoro ke yi wa mutum idan ya kulle kansa shi kaɗai. Akwatin yana nan, kowace damina yakan hau sama, sai dai risiba tana kan tebur, na ɗaure ta da salatif.

Inna ta tsufa sosai, idonta ya rage gani. Har gobe ba ta kiran sunana, har gobe “wancan” ne ni. Amma duk Juma'a idan ƙanwata ta miƙo min kofi, da dama nake karɓa, hannu ɗaya, in ɗaga shi sama kaɗan in ɗan daɗe kafin in kai baki. Ba na kallon wajenta, ita ma ba ta ɗagowa. Sai dai ina jin lokacin da tsintar shinkafar ke tsayawa, da lokacin da take ci gaba.